Sirrin Falle-Falle Wajen Gyaran Hoto a Kwamfuta

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, mai shagon ɗaukar hoto da tsara katuna a nan Agege, ya gabatar wa matasa a taron koyon sana'a da aka yi a zauren ƙungiya. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da 'yan gyare-gyare kaɗan, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Mai girma wakilin Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da ku ƙannena da aka shirya wannan zama dominku, ina yi muku barka da zuwa. Da shugaba ya aiko mini cewa in zo in yi magana, sai da na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni fa ba mai iya jawabi ba ne, hannuna ya fi bakina magana." Ya ce in zo in faɗi abin da hannun yake yi. To, ga ni, in na yi tuntuɓe a yi mini afuwa.

Zan fara da abin kunyar da ya taɓa samuna, don shi ya koya mini darasin da na zo da shi yau. Ina sabon shiga sana'a, wata Hajiya ta kawo mini hoton marigayi mijinta, ɗaya daga cikin dattawan nan da fataucin goro ya kawo su Kurmi. Hoto guda ke gare ta duk duniya, ya koɗe, ruwa ya taɓa gefensa. Ta ce, "Yaro, ka gyara mini shi jikoki su san kakansu." Na kwafe shi a cikin kwamfuta, na mayar mata da na takarda, na shiga aiki a kan kwafin nan kai tsaye, ina shafawa ina gogewa, ina ajiyewa a kan na farkon. Kafin in farga na shafe tsagar da ke kumatun dattijon, a zatona tabon takarda ce. Da Hajiya ta gani sai ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ba Alhaji ba ne." Garin neman gira na rasa ido. Na ce ta dawo da na takardar in sake, ashe ta riga ta aika da shi gida Arewa. Sai da aka yi wata biyu kafin a dawo da shi. Da a ce na san aiki da falle a lokacin, minti ɗaya ya isa in maido da tsagar nan.

To, mene ne falle? Masu manhajar suna kiransa leya. Ku ɗauka an ajiye hoto a kan tebur, sai aka shimfiɗa farar leda mai shara-shara a kansa. Duk abin da ka rubuta a kan ledar, ido zai gan shi kamar a jikin hoton yake, alhali kuwa hoton bai san an yi ba. Ka ƙara wata ledar ka zana hula, ka ƙara wata ka rubuta suna. In rubutun bai yi maka ba, sai ka zare ledarsa kaɗai, sauran suna nan lafiya lau. Wannan shi ne falle-falle, ba wani abu ba. Na sama yana rufe na ƙasa, sai dai inda ya zama wayam.

Dabarar ba yau aka fara ta ba. Masu fim ɗin zane a Amurka sun daɗe suna zana mutum a kan leda mai ƙarfi, su ɗora ta a kan zanen gari ko daji, don kada su riƙa maimaita zanen bayan a kowane motsi. A shekarar 1984 wasu masana biyu, Thomas Porter da Tom Duff, suka buga bayanin lissafin yadda kwamfuta za ta ɗora hoto a kan hoto. Manhajar Photoshop, wadda wa da ƙani Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990, amma ba ta zo da falle ba sai a fitowa ta uku, a 1994. Kafin nan, masu aiki da ita irin wahalar da na sha suke sha. Tun daga 2013 kamfanin ya koma tsarin biyan kuɗin wata-wata ko shekara-shekara. Wanda ba shi da hali kada ya ce an rufe masa ƙofa, don akwai GIMP da Krita, kyauta ne, akwai kuma Photopea da ake buɗewa ta intanet ba sai an sauke ta ba. Dukkansu suna da falle, kuma abin da zan faɗa yana aiki a cikinsu.

Doka ta farko ke nan, ku rubuta ta: kada ka taɓa hoton asali. Da ka buɗe shi, yi masa kwafi a sabon falle, ka kulle na ƙasa. Cire tabo da fallensa, rubutu da fallensa, launi da fallensa. Kuma kowane falle ka ba shi suna, "fuska", "hula", "inuwa", domin ranar da suka kai talatin, wallahi kai da ka yi su ba za ka gane su ba.

Abu na biyu shi ne abin da ake kira maski, ni kuwa ina ce masa mayafi. Maimakon ka ɗauki magogi ka goge wani sashe na falle ya tafi ke nan, sai ka lulluɓa masa mayafi. Inda ka shafa baƙi a mayafin, wurin zai ɓuya. Inda ka shafa fari, ya bayyana. Toka-toka kuwa ya nuna rabi da rabi. Ka ɓoye kunnen mutum bisa kuskure? Shafa fari, kunne ya dawo. Magogi yanka ne, mayafi kuwa rufewa ce kawai.

Akwai kuma ma'aunin kauri na kowane falle, daga 0 zuwa 100. A 100 ba a ganin abin da ke ƙasa, a 0 fallen kansa ba a ganinsa. Yawancin gyara mai kyau a tsakani yake zama. Kamar gishiri ne a miya, wanda ya ji shi a baki ya san an zarce.

Yanzu mu zo kan gundarin magana, watau yanayin gauraya. A saman jerin falle akwai wani ɗan akwati da aka saba gani a kan Nomal. In ka danna shi a Photoshop za ka ga sunaye 27 sun zubo. Kada su tsorata ka. Ni da nake cin abinci da wannan aiki, guda shida ko bakwai nake taɓawa kullum. Abin da akwatin yake tambaya shi ne: fallen sama, yaya kake so ka yi hulɗa da na ƙasa? Ka rufe shi ne, ko ka duhunta shi, ko ka haska shi, ko ka rina shi?

Domin ku fahimta sosai, ku sani hoto a kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, kuma kowane ɗigo lamba uku ke gare shi: ta ja, ta kore, ta shuɗi. Kowace tana tashi daga 0 zuwa 255. Sifiri shi ne baƙi wuluk, 255 shi ne haske cikakke. Gauraya ba komai ba ce illa lissafi tsakanin lambar sama da lambar ƙasa.

Na farko shi ne Maltifulai, wanda nake kira Rini. Duk wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano ya san cewa kowane tsomi a baba ƙara wa zane duhu yake, ba a taɓa tsoma zane ya fito ya fi da haske ba. Haka Rini yake. Yana ninka lambar sama da ta ƙasa, ya raba da 255. Alal misali 200 a kan 100 zai ba da 78, kun ga ya fi su duka duhu. In fari ne a sama, 255 sau 100 a raba da 255, ɗarin nan ce dai ta dawo. Ma'ana, a wajen Rini fari ba ya nan sam. Ku riƙe wannan, kuɗi ne.

Ga amfaninsa. Hoton da ya koɗe irin na Hajiya, yi masa kwafi, ka sa kwafin a Rini, nan take za ka ga fuska ta fito, aikin riga ya bayyana. In ya yi yawa ka rage kauri zuwa 50 ko 40. Har ila yau, in malami ya rubuta maka suna da tawada a farar takarda, da ajami ko da boko, kana son ka ɗora a katin ɗaurin aure, ba sai ka zauna kana yanke kowane harafi ba. Ɗauki hoton takardar da haske mai kyau, ɗora a kan katin, sa Rini. Farin takarda ya ɓace, tawada ta zauna kamar a jikin katin aka rubuta. Aikin awa biyu ya koma na daƙiƙa biyar. Inuwa ma da shi ake yi. Duk sa'ad da ka yanko mutum ka tsayar da shi a wani wuri, in ba ka yi masa inuwa a ƙarƙashin ƙafa ba, zai zama kamar yana shawagi a iska.

Na biyu kishiyarsa ne, Sikirin, ni ina ce masa Fitila. Ka haska tocila biyu a bango ɗaya, ai haske ƙaruwa zai yi. Toka-toka mai lamba 128 a kan irinsa, Rini zai mai da shi 64, Fitila kuwa ta kai shi 192. A wajen Fitila baƙi ne ba ya nan. Wannan shi ne maganin wata matsala da ke damun duk mai ɗaukar hoton bikinmu. Ango ya sha farar shadda, abokansa duk farare, kyamara ta ga farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuskoki su yi duhu, amarya kuma tana ƙarƙashin mayafi. In ka haska hoton gaba ɗaya, shaddar za ta ƙone, aikin wuya ya ɓace. Abin yi shi ne ka yi kwafi, ka sa shi a Fitila, ka lulluɓe shi duka da baƙin mayafi, sannan ka ɗauki burushi mai laushi ka shafa fari a kan fuskoki kaɗai. Fuska ta fito, riga ba ta ji komai ba.

Kuma ga wata dabara da na fi so. Ku kunna turaren wuta a gaban baƙin ƙyalle, ku haska hayaƙin daga gefe, ku ɗauki hotonsa. Ku ɗora a kan hoton amarya ku sa Fitila. Baƙin ƙyalle zai ɓace, hayaƙi ya rage yana tashi a gefenta. Ba ka saya a wajen kowa ba, ba ka sato a intanet ba, naka ne.

Na uku da na huɗu 'yan gida ɗaya ne, Obale da Sof-layit. Su waɗannan suna haɗa aikin Rini da na Fitila: wuri mai duhu su ƙara masa duhu, mai haske su ƙara masa haske. Obale yana da zafin hannu, Sof-layit yana da sanyi. A wajensu toka-toka na tsakiya ne ba ya nan. Saboda haka sai ka buɗe sabon falle, ka cika shi da toka-toka kashi 50, ka sa Sof-layit. Ba za ka ga komai ya canja ba. Sai ka ɗauki burushi ka rage ƙarfinsa zuwa kamar kashi 10, ka riƙa shafa fari inda kake son haske, baƙi inda kake son zurfi. Da haka ake fito da naɗin rawani da ninkin babbar riga, hoto ya tashi daga kwance.

A nan ne kuma nake so ku buɗe ido ku dubi abin da muke da shi. Yawancin katunan da ake bugawa, furanni iri ɗaya ne da kowa ya sauko da su, har ba ka bambanta katin wance da na wance. Alhali ga aska takwas a rigar babanka, ga zanen lalle a hannun ƙanwarka, ga saƙar tabarma, ga ƙwarya mai zane, ga dagi. Ɗauki hoton ɗaya daga ciki, shimfiɗa a bayan kati, sa Obale ko Sof-layit, rage kauri zuwa 20 ko 30. Zanen zai shige cikin launin kamar ruwan shadda. Maƙwabtanmu Yarbawa haka suke yi da adire da aso-oke, kuma wanda ya gani ya san daga gidan da aikin ya fito. Mu ma a gan mu a san mu.

Na biyar shi ne Kala, na sa wa tsohon hoto launi. Shi wannan launi kawai yake ɗauka daga fallen sama, haske da inuwa ya bar na ƙasa yadda suke. Ka shafa ja a kan hula, hula ta zama ja, amma saƙarta da lanƙwasarta suna nan. Hula da fallenta, riga da fallenta, fata da fallenta. Sai dai don Allah ku tambayi masu hoton. Kada ka sa wa dattijon da bai taɓa sa ja ba jar dara, iyalinsa su ga baƙo. Ɗan'uwansa Luminositi akasin haka yake yi, haske yake taɓawa ya ƙyale launi. Yana da amfani in ka ƙara wa hoto kaifi sai ka ga fata ta koma kamar manja.

Na ƙarshe shi ne Difarans, watau Bambanci. Yana cire ƙaramar lamba daga babba, don haka in sama da ƙasa iri ɗaya ne, sai ka ga baƙi. Ba don ado nake amfani da shi ba, don awo ne. In za ka ɗauki hoton taro, ɗauki biyu ko uku a jere ba tare da ka motsa ba, domin dole wani ya ƙifta ido. Ɗora ɗaya a kan ɗaya, sa Bambanci, ka yi ta matsawa har allo ya yi baƙi, alamar sun hau juna daidai. Sai ka mayar Nomal, ka sa mayafi, ka ɗauko buɗaɗɗen ido daga wancan. Shugaba ba zai sake fitowa a kalanda yana barci ba.

Kafin in zauna, ga 'yan gargaɗi kan ajiya da bugu. Ka ajiye aikinka a tsarin da ke riƙe falle, PSD a Photoshop, XCF a GIMP. JPEG yana narkar da falle duka su zama ɗaya, ba komawa. Mai aiki zai dawo bayan mako ya ce an ɗaga ranar biki. In kana da falle, lamba ɗaya za ka canja, in babu, sabon aiki ba sabon kuɗi. Ka riƙa ajiyewa a kai a kai, don kun san wutarmu ba ta sallama in za ta tafi. Sannan allo da haske yake aiki, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗi da kore masu ƙyalli sukan dushe a takarda. Kafin ka kai babban aiki Shomolu, ka buga gwaji ɗaya ka nuna wa mai shi. Ana son ɗigo 300 a kowane inci, watau hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1200 da 1800. WhatsApp yana matse hoto, sai ka ce a turo maka shi a matsayin fayil.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ta fi nauyi. Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. A zamanin Stalin a Tarayyar Sobiyet, da aka kashe Nikolai Yezhov a 1940, sai aka goge shi daga hoton da suka ɗauka tare, kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza biyu kusa da juna don su dace da bangonta, kuma har yau ana kawo wannan a matsayin misalin abin da bai kamata ba. Yau da ɗan yaro da waya zai iya fin haka, ballantana da manhajojin da ke ƙirƙiro hoto da kansu.

Za a zo muku, ni ma an zo mini. Wani zai ce ka canja masa lamba a takardar sakamakon jarrabawa, wani rasit, wani shaidar biyan kuɗi ta banki. Wani ma, Allah ya kiyaye, zai kawo hoton 'yar mutane ya ce ka ɗora kanta a wani jiki. Kada ku yi, ko nawa ne. Laifi ne a doka, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Mu nan baƙi ake ce mana ko da a nan aka binne cibiyarmu; in ɗaya ya yi, ba sunansa za a kira ba, "Hausawan nan" za a ce. Amanar da kakanninmu suka gina a kasuwar goro da ta shanu, har ake ba su kaya bashi da baki kawai, kada mu rushe ta da burushi.

Haka nan zancen fata. Amarya za ta ce, "Yaya, ka ɗan haska ni." Ka haska hoton, ka cire ƙurjin da ya fito jiya, amma ka bar mata launin da aka haife ta da shi. Ma'aunina shi ne, abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, ina cire shi. Abin da mutum ya rayu da shi, tsaga ce, wushirya ce, tabon salla ne, ba ruwana da shi. Hajiya ce ta koya mini wannan.

Ga aikin gida. Kowa ya je ya roƙi tsohuwarsa hoto ɗaya na da. Ku kwafe shi, ku mayar mata da abinta a hannu, ku gwada Rini da Fitila da Kala, kowanne a fallensa. Ranar Asabar ta sama bayan la'asar shagona a buɗe yake, ku kawo mu duba tare, ba ko kwabo. 'Yan mata ma su zo, don akwai ɗakunan biki da mu maza ba ma shiga, kuma aikin nan yana jiran masu yinsa.

Hoton Alhajin nan kuwa, da ya dawo na sake shi da falle goma sha ɗaya, tsagarsa tana nan daram. Hajiya ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, sannan ta sa mini albarka.

 Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.